Burtukalar Yaya Barakatu

Ni mai girkin biki ce, sunana Fatu. Daga Gumel na zo umra a 1978, na ce bari in ɗan taɓa aiki kafin in koma, ga shi har yau ban gama taɓawa ba. Gwiwa ta tafi, ido ya sha hayaƙi ya ƙoshi, tukwanen da na wanke a Jidda kuwa Allah kaɗai ya san iyakarsu. Ba labarina zan bayar ba, wa zai saurara? Na fara da kaina ne domin a gidan biki mai girki ce kaɗai take ratsa bango. Ta kai tire wajen mata, ta miƙa tire wajen maza, ba mai ce mata kanzil. Saboda haka na san abin da kunne yake ji ta nan da abin da yake ji ta can, kuma labarin Yaya Barakatu duk a jikin wannan bangon yake.

Barakatu haifaffiyar unguwar Ammariyya ce a nan Jidda. Iyayenta sun zo hajji tun zamanin tafiyar ƙasa, suka zauna. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, in ma ta yi Hausar rabinta Larabci ne. Mijinta Muntaka Bahaushen Sudan ne, ɗan garin Mai Wurno, ya koyi jita a Bur Sudan kafin ya tsallako. Direba ne a wani kamfanin siminti, kafilinsa kuma, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, ba ya takura masa, don haka ranakun Alhamis da Juma'a sai ya rataya jitarsa mai aiki da lantarki ya nufi yinin biki. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Aibinsa ɗaya, ya yarda da yatsunsa fiye da kima. In ya fara ba ka labarin yatsun nan, to nemi wurin zama.

Ga yadda ake aikin a lokacin. Mata suna tsakar gida da masu gangarsu, namiji ba ya shiga ko da shi ne makaɗi. Sai Muntaka ya zauna a lungu bayan bango, da wata ƙaramar lasifika a gefen gwiwarsa da yake jin kansa da ita. Daga nan a ja doguwar waya ta taga a kai ta jikin babbar lasifikar da ke wajen mata. Yana bin ganga ta bango, in ya ji guɗa ya san abu ya yi.

Ita babbar lasifikar a haraj ya saye ta, wato kasuwar gwanjo, a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa. Da suka gama ciniki mutumin ya ɗora masa gyara, wani ɗan akwatin ƙarfe ruwan lemo, bai fi sabulun wanki girma ba. Maɓalli biyu gare shi, ɗaya na takawa, ɗaya na murɗawa irin na rediyo, da kafar waya a kowane gefe. Muntaka ya gwada shi sau ɗaya, ya ce ya mayar masa da jita kamar mai mura, ya jefa shi cikin jakar wayoyi ya manta.

Sai aka yi wani biki a unguwar Ruwais, ina jin a 1979 ne, ba a daɗe da aurensu ba. Gidan mai zurfi ne, waya ta ƙi kaiwa. Akwai wata a jaka, amma babu abin haɗa su. Muntaka ya zazzage jakar, ya ga akwatin nan mai kafa biyu, ya soka wannan ta nan, ya soka waccan ta can, waya ta kai. Mahaɗin ya faɗo a ɓangaren mata, dab da lasifika. Ya leƙo ta taga ya ce wa amaryarsa, "Baraka, zauna kusa da abin nan, kada wata ta taka min shi."

Ai kuwa kamar ya aika. Rawa ta yi zafi, wata ƙatuwar dattijuwa tana ja da baya ta ɗora masa diddige. Ina tsaye da tire a hannu na ji sautin ya sauya. Jitar ta fara numfashi, tana tafiya tana dawowa, kamar ka kara kunne a bakin randa ana juya ruwa a ciki. Barakatu ta tsorata, ta kai hannu don ta gyara ɓarna, ta murɗa maɓallin. Numfashin ya ƙara sauri. Ta mayar, ya lafa. Sai na ga ta ɗaga kai tana kallon kafaɗun dattijuwar, tana murɗawa kaɗan-kaɗan, har tashi da saukar sautin suka zo daidai da tashi da saukar kafaɗun. Dattijuwar ta tsaya cak, ta sake ɗaura gyale a ƙugu, ta shiga fili sosai. Gidan ya kaure da guɗa.

Na fita da abincin makaɗi. A lungu jitar tana nan yadda na san ta, mai daɗi amma busasshiya, kowane sauti ya fito ya faɗi a inda yake. Muntaka yana ta murmushi, gumi na zuba.

"Fatu, kin ji guɗa kuwa?" ya ce. "Yau yatsun nan ba dama."

Na ce masa ya ci abinci kada ya huce.

Daga ranar, ko waya ta kai ko ba ta kai ba, Barakatu sai ta sa an haɗa ta akwatin. Mata suka raɗa masa suna Burtukala, wato lemo da Larabci, saboda launinsa. Ba ta iya kaɗa ko tsirkiya ɗaya ba, amma aikin da take yi da yatsa biyu na gan shi da idona shekara da shekaru. In tsofaffi ne a fili ta rage, sautin ya riƙa jan jiki. In 'yan mata suka shigo ta ƙara har ya riƙa karkarwa. In za a fito da amarya ta mayar da shi can ƙasa, ka ji kamar gidan ne gaba ɗaya yake ajiyar zuciya, iyaye mata su fara share ido. In zabiya za ta ambaci sunan dangi ta take shi ya mutu, don a ji kowane suna sarai. Idonta ba ya kan akwatin ko kaɗan, yana kan ƙafafu da kafaɗu. Ita take sayen batirinsa, irin mai kusurwa huɗun nan, ta ɗanɗana a harshe ta san ko da saura. Ta kwance gindinsa da tsinin wuƙa, ta sake batirin, ta ɗaure. In an tashi ta zare waya don kada batir ya tsiyaye, ta naɗe shi a tsohon zani saboda gishirin iskar teku da ke cin ƙarfe.

Masu biki suka koma cewa a kira musu Muntaka, amma ya zo da Burtukala. Shi ya ɗauka camfin mata ne, yana dariya yana cewa ko goran ruwa ka ajiye kusa da gwani sai a ce da baraka a ciki. Kada wani ya ce ba ta faɗa masa ba. A gabana ta faɗa, bayan sun sami ɗansu Hussaini.

"Abu Hussaini, akwatin nan fa ni nake juya shi. Sautin da ke fita wajenmu ba irin naka ba ne."

"Juya abinki, ya bintil halal, in yana ɗebe miki kewa. Kada dai ki tsinka min waya."

"Ka zauna rana ɗaya ka ji a gida."

"Bukra, in sha Allahu."

Gobe dai, gobe dai. A gida mai gidan hayarsu ya hana kiɗa, shi kuma in ya dawo daga tuƙi ba abin da yake so sai shayi da matashi. Ni ma na taɓa sa baki, ya ce, "Fatu, tsaya a kan shinkafarki." Na tsaya. Amma abin ya daɗe yana cin raina, domin na ga mutum yana karɓar yabo a bakin ƙofa, mai rabin aikin tana bayansa tana naɗe waya. Ita kuwa ta faɗa har ta gaji, ta bari. Ba fushi ta yi ba. Gajiya ce irin wadda ba ta da hayaniya.

Zamani bai jira su ba. Aka shiga lokacin da maƙwabta suke ƙorafi in sun ji kiɗa a lungu, sai an rage murya, sai an roƙi wannan an lallashi wancan. Sannan aka kawo org, wannan allon mai maɓallai da mutum ɗaya yake fitar da ganga da sarewa da jita duk a ciki. Bayansa yara suka koma kama zauren biki, a kira wata yarinya da kwamfutarta ta sako waƙoƙi. Kira ya ragu daga kowane mako zuwa wata-wata, daga nan sai in wata tsohuwa ta tuna da su. Haya ta yi tsada suka koma unguwar Mahjar. Ciwon sukari ya kama Muntaka, ya raba shi da tuƙi, ya bi idanunsa a hankali har ya rufe su. Hussaini ne ya koma ɗawainiyar iƙamarsu, wato takardar izinin zama. Shekarar da ruwan sama ya yi wa Jidda ɓarna, ya shiga ɗakinsu ya kashe ƙaramar lasifikar nan ta gefen gwiwa. Babbar ta tsira don tana kan tebur. Barakatu ta koma sayar da gyaɗa da yaji a bakin wani masallaci. Wani lokaci in na je gidan sai in tarar ta sauko da Burtukala daga kan kabad tana goge shi, tana murɗa maɓallin ba waya ba batir. Akwatin ba shi da murya tasa, sai an ba shi sauti yake da abin juyawa.

A 2019 aka sa ranar auren jikarsu Zakiya, 'yar Hussaini. Ina gidan muna shawarar girki sai ga Abdulghani, ɗan ƙanwar Muntaka, ya zo gaisuwa. Magidanci ne, haifaffen nan, yana aiki a wani shagon kayan kiɗa can arewacin gari. Yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar sai ya yi ta tuntuɓe. Barakatu ta sauko da kaya daga kan kabad tana neman wasu kwanuka, zanin ya warware, akwatin ya bayyana. Mutumin nan ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi.

"Ya Khala! Wannan min fen? A ina kuka samu?" ya ce wa Barakatu.

Ya karɓa da hannu biyu yana jujjuyawa. Ya ce sunansa feza. Wai an fara yin irinsa ne tun kafin a haife shi, don jita ta kwaikwayi wata ƙatuwar lasifika mai juyawa a cikin akwatinta, wadda sai ƙarti sun taru suke ɗaga ta. Ya ce wannan na farko-farko ne, da hannu aka harhaɗa cikinsa, ko fitila ba a sa masa ba. Daga baya aka fito da masu kwamfuta, makaɗa suka watsar da waɗannan, yanzu kuma kunnuwa sun dawo, ana neman tsofaffin ido rufe, wai sabbin ba su da ɗumi. Na ce a raina, ikon Allah, ƙarfe ya tsufa ana nemansa, mu mun tsufa ko sallama ba a yi mana.

"Wallahi, ya Khali," ya ce wa Muntaka, "ni shekaru ina so in ji ɗaya haƙiƙi, da kunne na."

Muntaka yana kishingiɗe, ya ɗaga hannu. "Ɗauka, ya waladi, na ba ka. Gyara aka ba ni. Mahaɗin waya ne kawai."

Barakatu tana zuba shayi. Na ga hannunta ya tsaya, sannan ta ƙarasa zubawa ta miƙa wa baƙo. Mace irinta ba za ta ƙaryata mijinta a gaban ɗan 'yar'uwarsa ba, kyauta kuma an riga an furta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ya Abdulghani, bar shi sai bayan yinin Zakiya." Ya ce, "Hadir, na ji, ya Khala."

Da muka keɓe a kicin na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, shi ke nan? Abin da kika yi rayuwarki da shi a kyautar kamar tsohon takalmi?"

"Halas, Fatu, ya riga ya faɗa," ta ce. "Abu ɗaya nake so. Ya ji da kunnensa sau ɗaya. In ya ji ya ce a ɗauka, a ɗauka."

Su Zakiya sun kama zaurensu da mai kwamfutarsu, wannan ba ruwanmu. Mu tsofaffi muka ce sai an yi mana yini irin na da, a tsakar gidan wata maƙwabciya, bayan azahar. Aka nemo masu ganga biyu da suka rage. Sai maganar inda makaɗi zai zauna ta taso. Ƙaramar lasifika ta mutu, in ya zauna a lungu ba zai ji kansa ba, doguwar wayar ma duk ta bushe ta tsattsage. Ana ta ka-ce-na-ce, kakar ango, Hajiya Mariyamu, ta buga sandarta a ƙasa.

"Ku mutanen nan, makaho ne fa. Me zai gani? Ku shigo da bawan Allah ya zauna a inuwa."

Muntaka ya so ya ƙi. Ya ce tun da yake bai taɓa ƙetare bangon nan ba. Barakatu ba ta yi musu da shi ba, ta kama bakin sandarsa ta yi gaba, ya biyo. A bakin ƙofa ya tuɓe takalmi, ya yi ta sallama, ya shigo kansa a sunkuye kamar mai gudun ganin wani abu. Ta zaunar da shi a kujera gab da babbar lasifika, ta zauna a tabarma kusa da ƙafarsa, akwatin a gabanta.

Ya fara. Gaskiya yatsun sun mutu rabi, sukari ya cinye jinsu. Inda da yake zuba sauti goma yanzu da ƙyar yake fitar da uku, yana yi yana cije leɓe. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina da na taɓa fatan a ƙure shi. Ganga ta shiga. Hajiya Mariyamu ta miƙa wa wata sandarta ta taka fili. Barakatu ta dube ta, ta danna maɓallin da tafin hannu, domin ƙafar ba ta da ƙarfin takawa yanzu.

Sautin nan ya tashi, yana tafiya yana dawowa. Na ajiye ludayi.

Muntaka ya ɗauke hannu. "Me ya sami jitar?"

"Ba komai. Kammil, ci gaba."

Ya taɓa tsirkiya ɗaya ya bar ta. Sautin bai faɗi ba, ya yi ta juyawa a tsakar gidan, Barakatu tana jan sa da yatsa biyu, tsohuwa tana binsa da kafaɗa. Ya karkata kai wajen lasifika. Ya sake taɓa wata, ya saurara har ta ƙare. Masu ganga suka sassauta da kansu.

"Ummu Hussaini, ke ce?"

"Ni ce."

"Tun yaushe?"

"Tun Ruwais."

Ya juyo da fuska wajenta. "Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Harshena ya yi ƙaiƙayi, Allah ya taimake ni na riƙe shi. Ita ko kai ba ta ɗaga ba.

"Na faɗa, Abu Hussaini."

Ya goge fuska da hannun riga, ya gyara zaman jitar, ya ci gaba. Amma ba irin kiɗan da na sani ba. Ya daina kokawa da yatsunsa. Sai ya saki sauti ɗaya ya jira ta, in ta gama juya shi ya ba ta wani. Can na ji ya ce a hankali, "Wannan tsohuwa ce a fili." Ta ce eh. Jim kaɗan ƙawayen amarya suka kutsa, ta murɗa sama. Ya ce, "Yara sun shigo." Ta ce sun shigo. Da aka fito da Zakiya ta mayar da maɓallin can ƙasa, bai tambaya ba, sai hawaye suka gangaro masa cikin gemu. Rawar da bai taɓa gani ba tun yana da ido, ashe kullum tana cikin wayar, bango ɗaya ne tsakaninsu.

Da la'asar sakaliya Abdulghani ya zo bakin ƙofa, kamar yadda aka yi alkawari. Muntaka ya sa aka kai shi wajensa, ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"Ya waladi, ka yafe min. Na yi maka kyauta da abin da ba nawa ba. Ga mai shi nan, ka tambaye ta."

Abdulghani ya dubi Barakatu. Tana naɗe akwatin a zaninsa. Ta ce, "Ba yau ba." Ya sumbaci kanta ya tafi.

Bayan bikin, kullum in ta dawo daga wajen gyaɗarta sai ya ce a haɗa waya. Su rage murya ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta, shi a bakin gado, ita a ƙasa. Na sha tarar da su haka, ba sa ko amsa sallama da wuri. Abin bai daɗe ba. Kafin alhazai su zo hannun hagun ya daina jin tsirkiya gaba ɗaya, jitar ta koma bayan ƙofa. Barakatu da kanta ta aika aka kira Abdulghani. Ta ba shi akwatin da zaninsa, ta ce ya riƙa zare waya in ya gama, kuma kada ya bar batir ya kwana a ciki.

Washegari na same ta a bakin masallaci, tana ƙulla gyaɗa. Na zauna da ƙyar, gwiwa tana ƙara. Na ce, "Yaya, bai yi miki ciwo ba?"

"Ya ji ni, Fatu," ta ce. "'Yan watanni ya ji ni. Da tun Ruwais ne ya zauna rana ɗaya..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ce in miƙo mata ledar can, masallata sun kusa fitowa.